Wanda Aka Gani a Gona

Da safen nan da Abdulbasit ya miƙa fasfo ɗinsa a ofishin ɗalibai baƙi, har wani daɗi ya ji, kamar wanda ya sauke buhu daga ka. Da ya san abin da yake miƙawa, wallahi ko da adda aka tsaya a kansa ba zai saki ba.

Ƙa'idar jami'ar ce a can Malesiya. Duk ɗalibin da ya dawo daga hutu sai ya ba da fasfo a sabunta masa izinin zama, in ba haka ba babu lakca, babu jarrabawa. Matar ofishin ta karɓa ta jefa cikin kwando tare da na wasu, ta ce ya dawo bayan wata guda. Ya yi mata godiya har da rusunawa, irin ta mutanen ƙauye da zaman ƙasar waje ya kasa kankare masa.

Shekararsa ta ƙarshe ke nan a karatun injiniyan ban-ruwa, kuma tallafin karatu ne ya kawo shi. A duk ƙauyensu da ke bayan Makoɗa, shi kaɗai ne ya taɓa hawa jirgi ba don aikin hajji ba.

Bayan azahar ya koma ɗaki ya ci gaba da zazzage akwatin da ya yi ta ɗaga wa ƙafa tun saukarsa. Kuka, daddawa, yaji, busasshiyar kuɓewa. Can ƙasa kuma ga wata leda da aka ƙulle da bakin tsohon ɗankwali.

Abokin ɗakinsa, Ado ɗan Rijiyar Zaki, yana kwance yana danna waya, amma hancinsa bai kwanta ba.

"Ɗan Makoɗa, ƙamshin ƙuli-ƙuli nake ji," ya ce, yana miƙo hannu.

Abdulbasit ya buge hannun. "Ci kukar in kana so. Wannan Khairiyya ce ta soya."

"Su Khairiyya manya! To yaushe za mu sha biki?"

"Ana cire gyaɗar babanta manya za su shiga maganar."

Ado ya tashi zaune. "Gyaɗa kuma? Me ya haɗa aure da gyaɗa?"

Ɗan birni ke nan, gyaɗa a cikin leda ya san ta. Abdulbasit ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, domin maganar nan ita ce ƙayar da ya taho da ita a ƙafa tun daga gida.

Malam Sama'ilu, mahaifin Khairiyya, bai taɓa nuna yana son haɗin ba. Ba don Abdulbasit yana da wani aibu ba. Tsohon dai ya ga samarin da suka tafi birni suka bar 'ya'yan mutane suna ƙirga damina, balle wanda ya tsallake teku. Khairiyya kuwa ba yarinya ba ce, ta gama kwalejin horon malamai, tana koyarwa a firamaren garin, ƙannenta biyu ma sun riga ta ɗaki. Duk wanda ya zo sai ta ce a'a, har uwarta ta gaji da ba mutane haƙuri.

A hutun nan ne tsohon ya tare shi a bakin gona. Abdulbasit ya durƙusa can nesa, kai a ƙasa.

"Ni ban iya karanta takarda ba, Abdulbasit," in ji Malam Sama'ilu. "An ce kana koyon jan ruwa a ƙasar da kullum ruwa ake yi. Allah ya taimaka. Amma a gidan nan, mai son 'ya gona yake fara zuwa. Ni ma gayya na kai wa kakan Khairiyya kafin a saurare ni. Ga gyaɗata nan. In ta nuna, ka tara samarinka ku zo ku cire, in ga guminka da idona. Daga nan manyanka su zo."

"In sha Allahu, Baba."

To, ruwan bana ya makara. Shuka ta makara, komai ya makara, ban da ranar da ke jikin tikitinsa. Kullum da yamma sai ya zagaya ta bayan gonar kamar ɓarawo, ya tuge gindi ɗaya ya duba, ya tarar ɓawon fari fat, ɗan cikin duk ruwa.

Da tafiya ta matso, ya sami Zubair, ɗan baffansa, wanda suka tashi a tsakar gida ɗaya suna cin tuwo a kwano ɗaya. Ya roƙe shi ya tara samari ya kai gayyar da sunansa.

"Wannan ai nawa ne," in ji Zubair. "Ka tafi hankalinka kwance."

Khairiyya ce ba ta yarda ba. "Yaya Abdul, ka je ka gaya wa Baba da bakinka. Ka ce tafiya ta kama ka, ka wakilta Zubair. Magana ɗaya ce fa."

Ya yi niyya, Allah ya sani. Ya sa riga mai kyau, ya kai har ƙofar gidan. Sai ya tarar da Malam Sama'ilu a kan tabarma cikin dattawan unguwa, duk suka ɗago suka zuba masa ido. Kunyar suruki ta sha kansa. Yaya za a yi ya buɗe baki a gaban manya ya ambaci maganar aurensa da kansa? Ya tuɓe takalmi, ya gaishe su, ya wuce kamar dama hanya ce ta biyo da shi. Saƙon ma sai ya ɗora wa Zubair.

Kunya ado ce, babu mai musu. Amma irin wannan, wadda take sa mutum ya ba wani amanar bakinsa, ita ce ta kai Abdulbasit ta baro.

Yana cikin ba Ado wannan labari wayarsa ta fara rawa a kan katifa. Layinsa na ƙasar ya mutu a lokacin hutu, intanet ɗin jami'ar kuma ba a buɗe wa mutum sai ya kammala rajista. Sai yanzu ya buɗe, saƙonnin kwana da kwanaki suka yi ta faɗowa.

A zauren hirar samarin garinsu na waya ya ga bidiyon.

Gonar Malam Sama'ilu ce, ya gane ta da ƙatuwar ɗorawar da ke tsakiya. Samari sun jeru sun duƙa, suna tuge gyaɗa suna kaɗe ƙasa suna jefawa baya, makaɗi yana bin su da gangar noma. A kan gaba ga Zubair, ba riga, gumi yana sheƙi a bayansa.

"Ka ga ɗan halak!" in ji Abdulbasit, fuskarsa ta washe. "Ya cika alkawari."

Sai makaɗin ya ɗaga murya.

"Zubairu mai gayya! Zubairu angon Khairiyya! Wanda ya zo shi aka gani!"

Samari suka ɗauki ihu. Abdulbasit ya zuba ido yana jiran Zubair ya miƙe ya ɗaga hannu ya gyara maganar. Zubair ya miƙe kam. Ya ɗaga hannu biyu sama, yana murmushi, ya taka rawa.

Daga gefen gonar mata suka fito da ƙoren fura. Ga Khairiyya a gaba da shuɗin mayafi. Ta zo ta durƙusa ta miƙa wa Zubair ƙwarya, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Can gindin ɗorawa, Malam Sama'ilu yana zaune yana gyaɗa kai.

Ado ya dubi wayar ya dubi abokinsa. "Wai ba da sunanka aka ce za a yi ba?"

Abdulbasit ya danna saƙon murya na mahaifiyarsa, Inna Barira.

"Abdulbasit, ka saurare ni da kyau. Baffanka ya kai goro gidan Malam Sama'ilu jiya, kuma da sunan Zubairu ya kai. Na san za ka ji zafi, ni ma ban runtsa ba. Amma ka tuna tun da mahaifinka ya rasu, a inuwar baffanka muke. Shi ya riƙe ka, a gidansa nake zaune. Kada ka ɗaga masa murya a kan mace. Ka bar wa ɗan'uwanka, Allah zai ba ka wadda ta fi. In ka tayar da rigima, ni za ka tozarta."

Muryarta ta karye a ƙarshe, saƙon ya yanke.

Nan ne abin ya fi ciwo. Baffan nan shi ne waliyyinsa, shi ne babban da Malam Sama'ilu ya ce ya turo. Ba shi da wani.

Ya kira Zubair. Har ya fid da rai, sai aka ɗauka, ana jin kukan awaki da hayaniyar kasuwar Kunci a bayansa.

"Zubair, me ka yi min?"

"Aiki na yi, Abdul. Gona na je na cire gyaɗa."

"Da sunan wa?"

"Makaɗi abin da ya gani ya faɗa. In toshe masa baki?"

"Saƙon da na ba ka fa? Ka gaya wa Baba ni na wakilta ka?"

Da Zubair ya sake magana, muryarsa ta sauka, babu wasa a ciki.

"Ka taɓa tambayata ko ina son ta? Tun kafin ka san hanyar Kano nake son yarinyar nan, na danne saboda kai. Ka tafi, na kai mata saƙonka. Ka dawo, na kai ka zance a babur ɗina, na zauna a waje sauro yana cina. Yanzu har gumin ma ni zan yi maka? Kai da ka kasa tsayawa gaban ubanta ka yi magana ɗaya?"

"Amana na ba ka, Zubair."

"Na sani. Allah ya yafe min." Ya kashe.

Abdulbasit ya zauna a bakin gado. A waje ruwan ƙasar nan na kullum ya sauko, ɗalibai suna gudu da lema suna dariya. Duk duniya tana harkarta.

Wayar ta sake ruri. Khairiyya ce. Ya san sai ta bar ajinta ta hau tudun bayan makaranta kafin ta sami sabis.

"Khairi."

Kuka ne ya fara isowa kafin magana.

"Yaya Abdul, ina ka shiga? Kullum sai na hau tudun nan na kira, a ce layinka a kashe. Na zaci da gangan ka ɓace."

"Wallahi sai yau aka buɗe min. Khairi, na ga bidiyon. Na ga kin miƙa masa fura."

"Au, abin da ka gani ke nan?" Kukan ya koma faɗa. "Innata ce ta ce in kai wa mai gayya fura, ni kuma a zuciyata kai nake miƙa wa, tunda wakilinka ne. Sai da na ji guɗa na gane an gama da ni. Ban ce ka je ka gaya wa Baba ba? Ban roƙe ka ba?"

"Kin roƙe ni."

"To me ya hana ka?"

"Kunya na ji."

"Kunya!" Ta yi wata dariya mai ɗaci. "Ni da na durƙusa gaban duk garin nan ina miƙa wa wani ƙwarya, tawa kunyar wa zai ɗauke min? Yaran ajina har waƙar makaɗin suke yi in na juya baya."

Hawaye suka zubo masa, bai ko damu da Ado yana kallo ba.

"Ki yafe min. Yanzu me Baba ya ce?"

Ta ja hanci, ta daidaita murya. "Jiya bayan su Baffa sun tafi na same shi, na faɗi a gabansa na gaya masa komai. Sannan ya ce shi ba zai yi min dole ba, in ba na son Zubairu ba zai ɗaura ba. Amma kai ma ba zai ba ka ni ba."

"Saboda me?"

"Ya ce ya karɓi goron gidanku a gaban shaidu. Ba zai mayar da shi a ɓoye ba, ya kuma karɓi wani daga gida ɗaya, a ce 'yarsa ta raba 'yan'uwa. Sai dai in kai ka zo da ƙafarka, ka zauna gabansa da gaban Baffa da Zubairu, ka faɗi da bakinka cewa gayyar taka ce. In ka yi haka, zai tsaya maka."

"Ki kai masa wayar, zan gaya masa yanzu."

"Na ce masa haka. Ya ce shi ba ya magana da mutumin da ke cikin waya. Wanda ya kasa yi masa sallama yana gari ɗaya da shi, ba zai saurare shi daga bayan teku ba."

Abdulbasit ya runtse ido.

"Juma'a ta sama su Baffa za su dawo jin amsa," ta ce. "In ba ka nan, Baba zai rufe maganarka har abada. Ya rantse, kuma ka san shi. Yaya Abdul, na jira ka shekara da shekaru, ƙannena suna goyo ina kallo. Ban taɓa roƙonka ka bar karatu ba. Sau ɗaya nake roƙonka. Ka zo."

"Zan zo," ya ce. "Wallahi zan zo, ko zan sayar da duk abin da na mallaka."

"Ka rantse fa."

"Na rantse."

Yana ajiye wayar ya jawo akwatin da bai gama zazzagewa ba, ya zura hannu a aljihun da yake ajiye fasfo. Hannun ya fito wayam.

Ado ne ya faɗi abin da shi ya kasa faɗa. "Ba shi ka kai ofis da safe ba?"

Ko takalmin kirki bai tsaya sawa ba. Ya keta ruwan nan da silifa, ya wuce ɗakin karatu, ya wuce masallaci, ya isa ofishin a jiƙe sharkaf, ana shirin rufewa. Kwandon yana nan a kan tebur, babu komai a ciki.

Ya yi wa matar bayani da Turancin da tashin hankali ya kakkarya. Ta saurare shi da tausayi, har ta miƙo masa takardar goge fuska. Ta ce an kwashi fasfunan tun da rana an kai hukumar shige da fice. Ta tambaye shi ko rasuwa aka yi masa, domin akwai hanyar gaggawa ga wanda aka yi wa mutuwa ko mai jinyar iyaye.

Da wane harshe zai gaya wa matar nan cewa makaɗi ne ya kira sunan wani a gonar gyaɗa?

"Ba rasuwa ba ce," ya ce.

To saura hanya ɗaya, in ji ta. Tana iya bugawa a janyo fasfon gobe. Amma in aka janye, an soke neman izinin ke nan. Zai fita daga ƙasar, zangon karatun ya wuce shi, masu tallafi kuma ba sa jiran wanda ya bar shekarar ƙarshe da kansa.

Ta ɗora hannu a kan wayar tebur. "In buga?"

Ya tsaya ruwa yana ɗiga daga rigarsa. Ya ga Khairiyya a kan tudu da shuɗin mayafi. Ya ga Inna Barira a ɗan ɗakinta na gidan Baffa, wadda ta sayar da tumakinta ranar da zai fara tafiya, take gaya wa kowa ɗanta zai dawo ya fitar da ita. Ya ga kansa ya sauka a tashar Makoɗa hannu rabbana, ba takarda, ba gona, ba waliyyi, ya je ya kunyata mutumin da uwarsa take ci a gidansa.

Matar tana jira.

"A bar shi," ya ji bakinsa ya ce.

Ta janye hannunta, ta ce Allah ya sa ya ga alheri, ta fara kashe fitilu.

A barandar ofishin kiran Khairiyya ya same shi. Ya daɗe yana kallon sunan kafin ya ɗauka.

"Yaya Abdul, na kira Innata na gaya mata za ka zo!" Muryarta har rawa take don murna. "Ta ce za ta sanar da Baba in ya dawo daga gona. Yaushe za ka taso?"

Ya jingina da bangon barandar.

"Kana jina? Ko sabis ne?"

"Ina jinki, Khairi. Fasfo ɗina yana hannun hukuma. Sai bayan wata guda."

"Ba za su ba ka ba ko ka roƙe su?"

Da ya ce mata e, da ta yarda, da ta ci gaba da ganinsa a matsayin wanda ƙaddara ta ɗaure. Ƙaryar tana kan harshensa, a shirye. Amma ya riga ya cuce ta sau ɗaya da rufe baki.

"Za su ba ni," ya ce. "In na karɓa, karatun ya ƙare. Na ce a bar shi."

Bai ji kuka ba. Da ma kukan ta yi, da ya fi masa sauƙi. Iskar tudun kawai yake ji, da muryoyin yara can nesa suna bitar karatu.

"Baba ya ce haka za a yi," ta ce a hankali. "Na yi masa musu har na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi ba."

"Khairi, wata tara ne kawai ya rage. In kika ƙi Zubair, in na dawo zan..."

"Zubairu ba zan aure shi ba, wannan tsakanina da shi ne. Amma kada ka ce in jira. Baba ya rantse, ni kuma na gaji da hawa tudu."

"Don Allah ki saurare ni."

"An kaɗa ƙararrawa, yara suna jirana." Ta ɗan tsaya. "Ka ga ƙuli-ƙulin da na sa maka a ƙasan akwati?"

"Na gani."

"Ka ci a hankali, Yaya Abdul. Babu wani a bayansa."

Layin ya yanke.